Ɗauri da Waƙafi: Tarihin Sakin Fursunoni Don Rage Cunkoso a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Batun sakin fursunonin da laifinsu bai shafi makami ko zubar da jini ba kafin cikar wa'adinsu, domin a rage cunkoso a gidajen yari, batu ne da ya daɗe yana kai da komo a Nijeriya. Yakan taso duk sa'ad da aka ji an fasa wani gidan yari, ko cuta ta ɓarke a cikinsa, ko kuwa wani gwamna ya yi wa ɗaurarru afuwa ranar bikin samun mulkin kai. Masu goyon bayan sakin sukan kafa hujja da tausayi da kuma tsadar ciyar da dubban mutane a tsare. Masu suka kuwa sukan ce sakin mai laifi cin amanar wanda aka zalunta ne, kuma ƙarfafa gwiwa ne ga wanda yake niyyar aikata irinsa. Abin da ɓangarorin biyu ba su cika yi ba shi ne waiwayar tarihi, alhali kuwa an sha gwada wannan magani a ƙasar nan, kuma sakamakonsa a rubuce yake.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin cunkoso da yunƙurin rage shi, tun daga gina gidan yarin Turawa na farko a Ikko cikin 1872 har zuwa sakin da aka yi a 2023. Za a nuna cewa sakin masu ƙananan laifuffuka abu ne da ya dace, amma bai taɓa magance cunkoso ba, domin kuwa mafi yawan mutanen da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, balle a yi zancen rage musu wa'adi. Kafin a shiga tarihin, ya kamata a fara da kalmomin da Hausa take amfani da su a wannan fage, saboda a cikinsu akwai wani bambanci da muhawarar yau take yawan tsallakewa.

2.0 Kalmomin Tsarewa a Hausa

Hausa tana da sunaye da dama na wurin da ake tsare mutane. Akwai kurkuku, akwai kuma gidan yari, wanda ya samo sunansa daga Yari, wato mai riƙe da sarautar kula da ɗaurarru a fadar sarki. A Jamhuriyar Nijar an fi cewa gidan kaso, kalmar da ake dangantawa da Faransanci. Akwai kuma gidan maza, wanda sakayawa ce ta masu son rage kaifin maganar. Bayan dokar 2019, kafofin watsa labarai sun karɓi gidan gyaran hali a matsayin sunan hukuma. Kalmar fursuna kuwa aro ce daga Ingilishi, kuma ta shigo ne tare da tsarin da Turawa suka kawo.

Bambancin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne wanda ke tsakanin ɗauri da waƙafi. Ɗauri hukunci ne: alƙali ya saurari ƙara, ya tabbatar da laifi, ya yanke wa'adi, ko na wata shida ko na shekara goma ko na rai da rai. Waƙafi kuwa ajiye mutum ne kafin a gama bincike ko shari'a. Kalmar ta fito daga Larabci, inda tushenta ke nufin tsayawa, kuma ita ce dai manazarta harshe suka zaɓa ga alamar rubutu mai nuna ɗan dakatawa a tsakiyar jimla. Ke nan a asalin ma'anarsa waƙafi abu ne na ɗan lokaci. Akwai kuma ɗaurin talala, wanda aka aro daga kiwo, inda ake ɗaure dabba da doguwar igiya ta yi kiwo ba tare da ta ɓace ba. Ana amfani da shi ga mutumin da aka bar shi a waje amma ana sa masa ido. Daga ƙarshe akwai afuwa, wadda yafiya ce daga mai iko. Waɗannan kalmomi huɗu su ne ginshiƙan bayanin da zai biyo baya.

3.0 Daga Gidan Yari Zuwa Kurkukun Turawa

Kafin zuwan Turawa, ɗauri bai zama babban hukunci ba a yawancin ƙasashen da suka haɗu suka zama Nijeriya. An fi hukunta mai laifi da tara, ko biyan diyya, ko bulala, ko kora daga gari, ko bautarwa, ko kisa. A masarautun Daular Sakkwato akwai gidajen yari, amma a fiƙihun Malikiyya da alƙalai ke bi, tsarewa ta fi zuwa a matsayin ladabtarwa, ko ajiye wanda ake tuhuma, ko matsa wa mai taurin bashi. Malaman mazhabar ma sun bambanta tsakanin wanda yake da dukiya ya ɓoye da wanda ya tabbata ba shi da komai, suka ce na biyun a sake shi. Wannan ba ya nufin cewa gidajen yarin wancan zamani wuraren hutu ne. A rahoton da Lugga ya aika Ingila bayan cin Kano a 1903, ya bayyana kurkukun birnin a matsayin ɗakuna biyu, kowanne ƙafa 17 a tsawo, 7 a faɗi, 11 a tsayi, ya kuma ce mutum 135 ake kullewa a ciki kowane dare. Gaskiya ne cewa rahoton na wanda ya ci ƙasa da yaƙi ne, mai neman hujjar abin da ya aikata, amma ko da an rage wani abu daga cikinsa, ya isa ya nuna cewa cunkoso ya girmi mulkin mallaka.

A Kudu, Turawa sun buɗe gidan yarin Broad Street a Ikko cikin 1872, mai ɗaukar mutum 300. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, Dokar Gidajen Yari ta 1916 ta kasa gidajen gwamnati gida uku: na masu dogon wa'adi, da na lardi, da na gunduma don masu gajeren wa'adi. A Arewa da wasu sassan Yamma kuwa an bar gidajen yari a hannun hukumomin En'e. Saboda haka aka sami tsari biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, na gwamnati da na En'e, har bayan samun mulkin kai.

Abubuwa biyu na wannan zamani sun cancanci lura. Na farko, yawancin waɗanda suka cika gidajen ba masu kisa ko fashi ba ne. Mutane ne da suka kasa biyan haraji ko tara, ko suka yi ƙaramar sata, ko suka saɓa wa dokar tsabta. A shekarun 1950 an ƙara musu 'yan siyasar adawa, musamman magoya bayan jam'iyyar NEPU, irin su Gambo Sawaba, wadda aka ɗaure sau da dama. Hukuma tana amfana da waɗannan mutane, domin su ne ke sharar gari da yankan ciyawa da gyaran hanya ba tare da lada ba. Na biyu, a wannan zamani ne aka kafa hanyar saki da wuri wadda ta fi kowace daɗewa, wato yafe wa fursuna mai kyakkyawan hali sulusin wa'adinsa. Daga nan ne aka sami maganar da ake yi cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Wannan rangwame ba ya jiran ranar biki ko jin ƙan wani shugaba. Ƙa'ida ce da kowane ɗaurarre ya san da ita tun ranar da ya shiga, kuma ba a cika jin ana jayayya a kansa ba. Ashe ke nan sakin ɗaurarre kafin cikar wa'adi ba baƙon abu ba ne a tsarin shari'ar ƙasar.

4.0 Haɗewar 1968 da Abin da Ta Haifar

A 1966 gwamnatin soja ta kafa kwamiti don duba harkokin 'yan sanda da gidajen yari, wanda aka fi sani da kwamitin Gobir. Bisa shawararsa aka soke gidajen yarin En'e, aka mayar da su hannun Gwamnatin Tarayya daga 1 ga Afrilu 1968, sa'an nan Dokar Soja mai lamba 9 ta 1972 ta shimfiɗa tsarin hukumar guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. Dalilan wannan mataki masu ƙarfi ne. An yi ta kukan cewa gidajen En'e ba su da tsabta, ma'aikatansu ba su da horo, kuma an mayar da su makamin musguna wa abokan hamayya.

Sai dai gyaran ya zo da wata matsala da ba a hango ba. A ƙarƙashin En'e, baitulmali ɗaya ne ke biyan alƙali da ɗan doka da yari, kuma shi ne ke ciyar da fursuna. Duk da illolin tsarin, wanda ya ɗaure mutum shi ne ke ɗaukar nauyinsa. Bayan 1968 sai aikin ya rabu. 'Yan sanda da gidajen yari suka zama na Tarayya, amma kotunan majistare da kotunan yanki da manyan kotuna da ma'aikatun shari'a, waɗanda ke gurfanar da mafi yawan masu laifi, suka kasance na jihohi. Sakamakon haka, jiha tana iya tura mutum gidan yari ta manta da shi shekara da shekaru ba tare da ta kashe ko kwabo a kansa ba, ita kuwa Tarayya mai ciyar da shi ba ta da ikon hanzarta shari'arsa. Kafin dokar 2019, hukumar gidajen yari ba ta da hurumin ƙin karɓar wanda kotu ta aiko, ba ta kuma da hurumin sakinsa. Wannan rabuwa tsakanin mai turawa da mai ciyarwa ita ce jijiyar cunkoson da aka yi ta fama da shi fiye da shekara hamsin.

5.0 Zamanin Soja da Bunƙasar Waƙafi

Bayan yaƙin basasa, fashi da makami ya yawaita, sai gwamnatin Gowon ta kafa dokar 1970 wadda ta tanadi hukuncin kisa ga wannan laifi. Kotun majistare ba ta da ikon sauraron ƙarar da hukuncinta kisa ne. Duk da haka sai 'yan sanda suka ɗauki al'adar kai wanda suke tuhuma gaban majistare, shi kuwa ya tura shi gidan yari kafin ma'aikatar shari'a ta ba da shawara kan ko akwai hujjar gurfanar da shi a babbar kotu. Wannan shawara takan ɗauki watanni ko shekaru. Wani lokaci takardun shari'ar su ɓace, ko a yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki, ko shaidu su watse, ko a rasa motar da za ta kai mutumin kotu. Ta haka ne waƙafi, wanda asalinsa ɗan dakatawa ne, ya rikiɗe ya zama ɗauri marar wa'adi.

Gwamnati ta lura da haka tun da wuri. A 1976 aka kafa hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. A 1977 kuma gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi dokar da ta ba Babban Jojin Ƙasa da manyan jojin jihohi ikon sakin duk wanda ke tsare ba tare da hukunci ba, idan tsarewar ta saɓa wa doka a fili, ko kuwa ya riga ya zauna fiye da iyakar wa'adin da za a yanke masa da an same shi da laifin. Daga wannan doka ce aka sami ziyarar da manyan joji ke kaiwa gidajen yari suna sallamar mutane. Sharaɗinta na biyu ya isa shaida kan yadda al'amarin ya lalace, tun da ya nuna cewa a 1977 an riga an san da mutanen da suka gama wa'adin laifin da ba a tabbatar sun aikata ba.

A watan Maris 1980, mutum kimanin 50 da ake tuhuma suka mutu saboda rashin iska a cikin motar ɗaukar fursunoni a Legas. Dokokin soja na 1984, musamman mai lamba 2 wadda ta halatta tsare mutum ba tare da shari'a ba, sun ƙara yawan na tsare, sa'an nan matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya sa abinci da magani suka yi ƙaranci a gidajen. Ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta CLO, wadda aka kafa a 1987, ta fitar da rahoto a 1991 wanda ya bayyana wa jama'a irin yunwa da cuta da mace-macen da ke faruwa a bayan katanga.

A wannan zamani an yi afuwar da ta yi suna ƙwarai. Gowon ya saki Obafemi Awolowo daga gidan yarin Kalaba a Agusta 1966. Babangida ya saki tsararru da dama bayan juyin mulkin Agusta 1985. Abdulsalami Abubakar ya saki Obasanjo da wasu a Yuni 1998. Amma waɗannan duk sakin siyasa ne, wanda sabon shugaba ke yi don neman karɓuwa, ba su kuma taɓa talakan da ke kwance a ɗakin masu jiran shari'a ba. Matakin da ya shafi talaka kai tsaye shi ne dokar 1989 wadda ta soke laifin yawon banza, laifin da 'yan sanda ke fakewa da shi su kwashe mutane a titi da dare. Muhimmancin wannan doka shi ne ta nufi ƙofar shiga, alhali sauran matakan duk ƙofar fita suka nufa.

6.0 Yunƙurin Mulkin Farar Hula

Tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon afuwa a sashe na 175, ya ba gwamnoni a sashe na 212. Sashe na 35 kuwa ya ce wanda aka tsare a kai shi kotu cikin lokacin da ya dace, kuma idan ba a yi masa shari'a ba cikin wata biyu ko uku, gwargwadon halin da yake ciki, a sake shi ko da bisa sharaɗi. Sai dai sashen ya keɓe waɗanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma a 2007 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Legas, ta tabbatar da ikon majistare na tura irin waɗannan mutane waƙafi.

A Janairu 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba da sanarwar cewa za ta saki fursunoni har 25,000, wato kimanin rabin dukan waɗanda ke tsare a lokacin, ciki har da tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda takardunsu suka ɓace da waɗanda suka daɗe suna jiran shari'a.  Amma bayan shekara biyu, rahoton ƙungiyar Amnesty International na 2008 ya nuna cewa aƙalla kashi 65 cikin ɗari na mazauna gidajen yari ba a taɓa samun su da wani laifi ba.

Daga nan sai hankali ya koma ga gyaran doka. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta ƙayyade umarnin waƙafi zuwa kwana 14 a karon farko, wanda ba a sabunta shi sai da dalili; ta wajabta wa majistarori ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata; ta kuma ba kotu damar jingine hukunci ko yanke aikin yi wa al'umma hidima a maimakon ɗauri. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agusta 2019 ta sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali, ta kafa sashen hukuncin da ba na kulle ba, wanda shi ne ɗaurin talala a sigar zamani. Sashe na 12 na dokar ya zo da sabon abu: idan gida ya cika, shugaban hukumar na jiha zai sanar da babban joji da sauran hukumomi, a ba su wata uku su ɗauki mataki, kuma an ba shi ikon ƙin karɓar sababbin mutane. Ba a yi wata huɗu da sa hannu ba, a Disamba 2019, wayar lantarki ta kashe mutum biyar a gidan yarin Ikoyi, gidan da aka gina don mutum 800 amma yana ɗauke da fiye da 3,000, mafi yawansu masu jiran shari'a.

An yi manyan saki biyu bayan haka, kuma su ne suka fi kusa da tambayar da aka fara da ita. A Afrilu 2020, saboda tsoron annobar korona, Gwamnatin Tarayya ta sanar da sakin mutum 2,600: waɗanda suka kai shekara 60, da masu ciwon ajali, da masu taɓin hankali, da waɗanda saura ƙasa da wata shida su gama wa'adin shekara uku ko fiye, da waɗanda tarar da ba ta wuce naira 50,000 ba ta riƙe. An keɓe masu laifin ta'addanci da garkuwa da mutane da fashi da fyaɗe da kisa. A lokacin mutanen da ke tsare sun haura 70,000, kimanin kashi 70 cikin ɗari kuma masu jiran shari'a ne. A Nuwamba 2023 kuma Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 waɗanda tara ko diyyar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba ta riƙe, da kuɗi naira miliyan 585 da aka tara daga kamfanoni da masu hali. A wajen bikin ya ce akwai mutum 80,804 a gidaje 253 waɗanda jimillar abin da za su iya ɗauka bai kai 50,000 ba.

Lissafin a bayyane yake. Sakin 2020 bai kai kashi 4 cikin ɗari na mazauna gidajen ba, na 2023 kuwa kimanin kashi 5 ne, alhali rarar da ke kan abin da gidajen za su iya ɗauka ta haura mutum 30,000. Bugu da ƙari, tsakanin sakin farko da na biyu adadin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Kuma da a ce an buɗe ƙofa an sallami duk wanda aka yanke wa hukunci, mai ƙaramin laifi da mai babba, masu jiran shari'a kaɗai sun isa su cika gidajen.

7.0 Auna Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Daga bayanan da suka gabata, hujjar masu goyon bayan saki tana da ƙarfi a wuri guda. Mutumin da kotu ta ba zaɓin tara, alƙali ya riga ya yanke cewa zamansa a cikin jama'a ba haɗari ba ne. Abin da ya raba shi da wanda ya aikata irin laifinsa ya koma gida a ranar shi ne kuɗi. Ci gaba da tsare shi hukunta talauci ne, kuma abin da gwamnati za ta kashe wajen ciyar da shi yakan zarce tarar kanta. Haka kuma cakuɗa ɓarawon akuya da riƙaƙƙen ɗan fashi a ɗaki ɗaya ya fi kusa da koyar da laifi a kan gyaran hali.

Masu suka su ma suna da tasu gaskiyar, domin rashin makami ba ya nufin rashin ɓarna. Wanda ya damfari 'yan fansho ko ya wawure baitulmalin jiha bai zubar da jini da hannunsa ba, amma cutarwarsa ta fi ta ɓarawon kasuwa nesa ba kusa ba. A Afrilu 2022 Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta amince da afuwa ga mutum 159, ciki har da tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, waɗanda aka ɗaure kan almundahana da dukiyar jama'a. Sukar da ta biyo baya ta nuna cewa jama'a ba su yarda a sa kowane laifin da babu jini a cikinsa a ma'auni ɗaya ba. Ta kuma nuna raunin afuwa a matsayin hanya: tana hannun mutum ɗaya, ba ta da lokaci sananne, kuma wanda yake da mai yi masa magana ya fi saurin samun ta.

Akwai kuma matsala ta uku da ɓangarorin biyu suka tsallake. Rarraba fursunoni zuwa masu laifin tashin hankali da waɗanda ba su ba, yana yiwuwa ne ga wanda kotu ta tabbatar da abin da ya aikata. Mai jiran shari'a kuwa, abin da kawai aka sani game da shi shi ne tuhumar da ɗan sanda ya rubuta. Idan an rubuta fashi da makami, to ya fita daga kowane jerin sunayen saki, ko da kuwa babu shaida ko ɗaya a kansa, ko da ya shekara bakwai ba a kira sunansa a kotu ba. Ta haka sai ya zamana wanda aka tabbatar ya yi sata yana da ranar fita, yana da rangwamen sulusi, yana da fatan afuwa, amma wanda doka take ɗauka marar laifi ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Duk shirin rage cunkoso da ya tsaya a kan ɗaurarru kaɗai, an bar jaki ne ana dukan taiki.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin cunkoso daga kurkukun Kano da na Broad Street, ta ratsa haɗewar 1968 da dokokin soja, zuwa sakin 2020 da na 2023. Abin da tarihin ya nuna shi ne sakin masu ƙananan laifuffuka ya dace, musamman waɗanda rashin kuɗin tara ya riƙe, amma ya fi amfani idan ƙa'ida ce sananniya irin rangwamen sulusi, ba kyautar ranar biki ba, kuma idan ana duba girman cutarwar laifin, ba rashin makami kawai ba. Ya kuma nuna cewa matakan da suka nufi tushen matsalar su ne waɗanda suka shafi waƙafi da ƙofar shiga: dokar 1977, da ta 1989, da iyakar kwana 14 ta 2015, da sashe na 12 na dokar 2019. Waɗannan dokoki suna nan a rubuce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aiki da su.

A Maris 2023 an gyara tsarin mulki, aka cire gidajen yari daga jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke da iko a kansu, aka ba jihohi damar kafa nasu. Wannan ya buɗe hanyar sake haɗa abin da 1968 ta raba, wato mai turawa ya zama shi ne mai ciyarwa, ko da yake ya kuma farfaɗo da tsohon tsoron da ya sa aka karɓe gidajen daga En'e tun farko, na mayar da su makamin siyasa. Yadda jihohi za su yi da wannan dama shi ne zai nuna ko waƙafi zai koma ma'anarsa ta asali, wato ɗan dakatawa kafin a ci gaba da shari'a.